Bafil ɗin Lawali da Sarƙar Lefe

Tun da labarin nan ya fito daga Safo ya shiga bakin mata a gidajen suna da na biki, na ji shi iri huɗu, kuma a uku daga ciki ni aka ɗora wa wautar. Saboda haka na ga ya zama wajibi in ɗauki alƙalami in rubuta shi yadda ya faru. Ni ce Hajiya Ruƙayya, wadda mutanen Madarounfa suka fi sani da Madam. Shekara ashirin da takwas na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, kafin in ajiye alli, kuma a tsawon wannan lokaci ba a taɓa kama ni da kayan jabu ko maganar jabu ba. Wautar da za ku ji ta ƙanin mijina ce, Lawali direba.

A kakar shekarar 1996 aka sa ranar auren ɗana Abdoul Aziz da Bushira, 'yar wani gidan manoma masu mutunci a Safo. Yarinyar ba ta da aibi. Aibin yana bakin gwaggonta, Hajiya Indo, wadda aka kawo mini labarin ta ce malaman lakwal Faransanci kawai suka tara, in aka buɗe akwatinsu sai littafi da ƙyanƙyaso. Na ji maganar. Na dai ƙudura cewa ranar kai lefe sai ta janye wannan magana a gaban mata.

Ana cikin shawarar lefen a tsakar gidanmu Lawali ya miƙe ya bugi ƙirji. Ya ce sarƙa da 'yan kunne na zinariya kada kowa ya sa baki, shi baban ango ne, yana da mutum a Kano wanda ba ya taɓa komai sai zinariyar Jidda. Ya faɗi haka yana kaɗa hannun hagu don kowa ya ga agogonsa, wanda ya ce shi ma daga wurin mutumin ya fito. Na yarda da shi, har na aika wa Hajiya Indo cewa da zinariya za mu zo. Wannan ne kaɗai laifina a cikin labarin, kuma na amsa shi.

Lawali yana da tsohuwar Pijo mai dogon baya, yana jigilar fasinja tsakanin Madarounfa, Maraɗi da Ɗan Issa. Motar ta girmi ango, kuma da igiya ake ɗaure ƙofarta ta hagu. Wata ranar Talata ya dawo daga Katsina rungume da wani abu mai faɗin faifai, baƙi wuluk, da dunƙulen ƙarfe a bayansa kamar dutsen niƙa.

"Mene ne wannan kuma, Lawali?" na tambaye shi.

"Bafil ne, matar Yaya, amma ba irin lasifikar da kika sani ba. Wanga ba ya magana, gurnani yake yi. Ƙaramin bafil kunne yake ba kiɗa, wanga ciki yake ba. Daga nan har Ɗan Issa babu direban da ya taɓa ganin irinsa."

"Da ƙofar ka fara gyarawa."

"Wa zai dubi ƙofa in ya ji kiɗa? Abin da ya rage kawai a yi masa akwati, a san inda za a zaunar da shi. Zaunarwar ita ce ilimin, kuma ni na iya."

Ya kai wa Sa'idu kafinta aikin. Sa'idu ya auna, ya ce ƙaramin akwati rufaffe ya isa. Lawali ya ce ƙaramin akwati na ƙaramin mutum ne. Da aka gama, maza biyu ne suka ɗauko shi.

"Lawali," in ji Sa'idu yana share zufa, "in kiɗan bai yi ba, ka zuba gero a ciki. Zai kai ku damina."

Mazauni na farko can ƙarshen motar ne, bakin bafil yana kallon ƙofar baya. A ƙofar gidana aka yi gwajin, ba da izinina ba. Lawali ya tara maƙwabta, ya sa kaset ɗin kiɗan mutanen Zayar, ya murɗa har ƙarshe. Ina cikin ɗaki na ga tasoshina suna tafiya da kansu a kan kanta. Kafin in fito lambar motar ta faɗo ƙasa, ƙofar baya ta wangale kamar mai hamma.

"Kun gani?" ya ce. "Motar da kanta ta buɗe baki don mamaki."

Kashegari ya gano cewa akwatin ya cinye wurin kayan fasinja. Wata 'yar kasuwa ta ɗora buhun wakenta a kansa. Kafin su kai Maraɗi girgiza ta warware ɗinkin buhun, wake ya bi ta ramukan ƙasan motar, ya yi layi tun daga mararraba. Matar ta zage shi tun daga tasha har bakin kasuwa. Ya dawo ya gaya mana ita ce ba ta iya ɗinki ba.

Mazauni na biyu saman motar ne, inda ake ɗaure kaya.

"Na gano kuskuren," ya ce mini. "Sauti kamar ruwan sama yake. Daga bisa ya kamata ya sauko wa mutane."

"Na koyar da sauti shekaru da yawa, ban taɓa jin haka ba."

"Madam, ku na allo kuka koyar. Ni na titi na sani."

Ya ɗaure shi da roba, ya zuro waya ta taga. Waɗanda ke cikin motar ba su ji komai ba sai rufi yana ɗumama musu kai, amma duk Madarounfa ta ji. Maƙwabcinmu Illo yana dawowa daga gona da amalanken jaki cike da damman dawa, Lawali ya zo wucewa ya ƙara murya don ya gaishe shi. Jakin ya miƙe kunne, ya kwasa da gudu ya nufi tabki, Illo yana bisa yana salati, dawa tana zuba dami bayan dami. Da yamma ya zo ƙofar gidanmu, wandonsa jiƙe har ƙugu.

"Ina Lawalin yake? Shekara tara ina dukan jakin nan bai taɓa sauri ba, yau ka mai da shi doki!"

"To ai godiya ya kamata ka yi, Illo. Na gano maka abin da ke cikin dabbarka."

Sai da mijina ya fito ya ba da haƙuri. Bayan kwana biyu, Lawali ya shiga tasha da alfahari, ya manta tsawon motarsa ya ƙaru. Reshen bedi, wato dogon yaron da direbobi ke hutawa a ƙarƙashinsa, ya share akwatin, ya bar shi yana lilo a jikin waya. Allon bayansa ya tsage gida biyu. Sa'idu ya ce a kawo ya sake wani allon. Lawali ya ɓamɓare sauran ya jefar.

"Allah ne ya nuna mani," ya ce. "Dama numfashi yake nema. Kai in aka toshe maka baya za ka iya waƙa?"

Daga nan akwatin ya zama buɗaɗɗe ta baya, dunƙulen ƙarfen nan yana waje tsirara. Ya mai da shi cikin motar, mazauni na uku ke nan, a bayan kujerar tsakiya, ya kuma ga cewa ramin ya dace da ajiya. Ya kwashe kaset-kaset ɗinsa duka ya jera su a jikin ƙarfen. Da ya zo sa su, wannan ya yi shuu, wancan ya yi kamar ana waƙa a ƙarƙashin ruwa. Wanda ya kwana cikin rikoda ne kaɗai ya tsira.

"Mai kaset ya cuce ni," ya ce. "Gobe zai san ni."

"Ba wanda ya cuce ka. Wannan dunƙule mayen ƙarfe ne, shi ya goge su. Ka nisanta kayanka daga gare shi."

"Matar Yaya, komai sai kin mai da shi darasi. Maye a cikin bafil? Sai ki ce a kira boka."

Na bar shi. Akwai ɗalibin da ko ka buɗe kansa ka zuba, ta kunne zai tsiyaye.

Ranar kai lefe ta zo, Lahadi ce. Tun mako biyu nake tambayarsa sarƙa, yana cewa tana hanya. Sai da safiyar ranar ya zo da ɗan akwati ja mai auduga a ciki, ya buɗe, ya rufe nan take kamar mai tsoron iska ta ɗauke ta. Na ga sarƙa mai kauri da 'yan kunne suna walƙiya. Na miƙa hannu in riƙe a cinyata, ya hana.

"Bisa lefe za ta hau, can ƙololuwa, don in an buɗe mota ita za a fara gani."

Na leƙa bayan motar, na ga mazauni na huɗu. Ya kifa akwatin bafil a kan tubali biyu, bakinsa yana kallon ƙasa, buɗaɗɗen bayansa yana kallon sama kamar bakin rijiya. Ya jera akwatunan lefe dama da hagu, ya ɗora ɗan jan akwatin a bisa.

"Wannan kuma wane ilimi ne?"

"Na ƙarshe. Sauti zai bi ta ƙasa, ya ratsa kujera, ya hau ta ƙashin baya. Ba ma sai kunne ya wahala ba."

"Lawali, mu iyayen ango ne, ba 'yan rawa ba. Ka taɓa rikodar nan, sai na gaya wa Yayanka."

Ya rantse. Muka shiga ni da ƙanwata Safiya da wasu mata uku na dangi. Rantsuwar ta kai mu ƙarshen gari. Muna hawa hanyar burji ya miƙa hannu.

"Kaɗan kawai, don ƙauyuka su san lefen gidan Madam ne ke wucewa."

Ba zan ɓata takarda wajen bayyana wannan tafiya ba. Ya isa in ce na ji kiɗan a haƙorana, ɗankwalin Safiya ya zame sau uku, kuma wata tsohuwa daga cikinmu ta ce goron da ta ci jiya ya dawo mata. Ina yi masa tsawa, yana ganin bakina yana motsi a madubi, yana ɗaga mini babban yatsa.

Mun isa Safo da hantsi. Lawali ya buɗe baya, ya tarar da ɗan jan akwatin ya faɗo gefe, murfinsa a sake. Hankalinsa yana kan mazan da suka taso daga gindin bishiya suna kallon motar, sai ya danna murfin bai duba ba, ya miƙa wa Safiya. Mu mata muka shiga gida da guɗa, shi ya tsaya waje yana yi wa maza bayanin yadda sauti ke hawa ta ƙashi.

An shimfiɗa tabarmi, mata sun cika tsakar gida. Hajiya Indo ta zauna a gaba, wuyanta da hannuwanta duk walƙiya. Aka buɗe akwati na farko, ta murza atamfa da yatsu, ta sansana, ba ta sami abin kushewa ba. Na biyu ma haka. Na ga bakinta yana ƙanƙancewa, raina ya yi fari. Sai na ɗauki ɗan jan akwatin da hannu biyu na ajiye a gabanta.

"Ga abin da na aiko miki da saƙonsa, Hajiya."

Ta buɗe. Ta duba. Ta juya shi ƙasa ta kaɗa, audugar ta faɗo ita kaɗai.

"Ikon Allah," ta ce a hankali, yadda na ƙarshen layi ma za ta ji. "Madam, zinariyar 'yan boko ke nan? Sai mai takarda ke ganinta?"

Dariya ta fara daga baya. Wata ta ce wataƙila da Faransanci aka rubuta ta. Wata ta ce a dubi zannuwan waɗanda suka kawo kayan. Safiya ta fara hawaye. Ni kuwa na miƙe, na gyara mayafina, na ce da idona na ga sarƙa da safe, kuma ba zan bar garin nan ba sai an gan ta. Na fita, duk matan suka biyo ni.

Muka tarar da Lawali yana taka rawa a gaban dattawa. Na zare kaset ɗin da hannuna.

"Ina sarƙa?"

"Tana cikin akwatinta mana."

"Babu."

Aka ɗaga kujeru, aka kakkaɓe tabarmar ƙasa, aka sami wake da ɓawon gyaɗa. Sai wata matashiyar mata ta leƙa cikin ramin bafil. Saratu ce, ƙanwar uwar amarya, wadda ta yi aji biyar da shida a hannuna kafin a kawo ta aure Safo.

"Ga ta nan!" ta ce.

Na leƙa. Sarƙar ta naɗe a jikin dunƙulen ƙarfen, 'yan kunnen sun tsaya a tsaye kamar an dasa su, tare da ƙusa biyu, da murfin kwalba, da allurar da ta ɓace wa Safiya a hanya. Saratu ta ja, sarƙar ta ƙi. Sai da ta sa hannu biyu, kuma tana saki ta koma ta manne, ƙas.

A wannan lokaci, a duk taron nan, na ɗauka ni kaɗai na san ma'anar abin da idona ya gani. Na dubi Lawali, na yi masa alama da ido ya rufe bakinsa. Ya ɗauka yabo ne.

"Jama'a, ku matso ku ga ƙarfi!" ya ce. "Na ce maku bafil ɗin nan ba na wasa ba ne. Zinariya da nauyinta, ya jawo ta daga cikin akwati ya riƙe! Ɓarawo ma ba ya iya ƙwace ta. Wa ya ce Lawali bai san inda ake zaunar da abu ba?"

Saratu ta juyo gare ni. Har yanzu tana haɗa hannuwa a baya in za ta yi mini magana, kamar tana gaban allo.

"Madam, ki gafarce ni. Ba ke kika kawo mana mayen ƙarfe a aji ba, kika ɗora masa zobenki ya faɗo, kika ce ba ya kama zinariya sai ƙarfe?"

Da a jarrabawa ne, da na ba ta maki cikakke. Na yi shekaru ina addu'ar ɗalibaina su riƙe abin da na koya musu, ban san a Safo za a amsa ba.

"Haka ne, Saratu," na ce. "Ba ki manta ba."

Hajiya Indo ta tafa hannu. "Ashe da sarƙar ɗaure akuya aka zo neman ɗiyarmu! A shafa mata ruwan rawaya a ce Jidda!"

"Ƙarya ne!" in ji Lawali. "Wanga maye na ƙasar waje ne, ba irin na lakwal ba. Duk abu mai daraja yake kamawa. Madam tsohon littafi ta karanta."

Na matsa kusa da bafil ɗin. A wuyana akwai sarƙar da na sayo a Makka shekarar da na sauke farali, bayan na ajiye aiki. Ba ta da kaurin tasa, amma ita ce abu ɗaya da na saya wa kaina da gumin aikina. Na kwance ta a gaban kowa, na ɗora a jikin dunƙulen ƙarfen. Ta zame ta faɗo cikin tafina. Na sake ɗorawa don na baya su gani, ta sake zamewa. Na cire 'yan kunnena, su ma suka zame. Na karɓi ɗan jan akwatin, na shimfiɗa audugar, na sa su a ciki, na miƙa wa Hajiya Indo.

"Na ce da zinariya za mu zo, kuma ga ta. Wannan ta Bushira ce. Ban taɓa aika saƙon da ban cika ba." Na dubi walƙiyar da ke wuyanta. "Tun da ga abin gwaji a kusa, Hajiya, ko za ki matso da naki mu sha kallo?"

Ta ja mayafi ta rufe wuyanta har haɓa, ta yi baya taku biyu, ta ce rana ta yi zafi, a koma ciki a ci abinci. Guɗar da Saratu ta saki a nan, har yau ban ji irinta ba.

Lawali bai haƙura ba. Ya ce shi zai nuna mana cewa mun ɗora ta ne a inda mayen ba ya ci. Ya zura hannun hagu cikin ramin don ya ɓamɓaro sarƙarsa, sai muka ji ƙas. Agogon Jidda ya manne. Ya tsaya a duƙe, rabinsa cikin mota, rabinsa a waje, yana fizga, dattawan Safo suna riƙe da ciki.

"Malam direba," in ji wani tsoho, "ka bari ya ɗan yi numfashi, wataƙila ya sake ka."

Da za mu koma motar ta ƙi tashi, domin kiɗan da ya yi wa maza ya shanye batir. Samarin garin ne suka tura mu har bakin hanya, kuma mun iso Madarounfa babu abin da ke ƙara sai ƙofar hagu.

An ɗaura aure lafiya. Bushira tana sa sarƙar duk ranar da za ta zo gaishe ni, kuma tana yi mata kyau, ko da yake ba zan ɓoye ba, hannuna yakan kai wuyana wani lokaci ya tarar babu komai. Hajiya Indo ba ta sake ambaton akwatin malaman lakwal ba. Dunƙulen ƙarfen na sa Sa'idu ya ciro mini shi, yana kan keken ɗinkina yana tattara allurai, kuma duk matar da ke shirin lefe a unguwarmu takan biyo ta wurina da ɗan ƙullin zinariya a hannu don a gwada mata. Akwatin kuwa ya sami mazauni na biyar a bayan rumbu, kajina suna ƙwai a ciki.

Sarƙar tasa na mayar masa. Igiyar ƙofar hagu ta tsinke a wannan makon, sai ya ɗaure ƙofar da ita, kuma dole in yi adalci, ƙarfe ne mai kyau, har yau ba ta saki ba. Idan kun je tashar Ɗan Issa za ku same shi yana nuna wa fasinja, yana cewa daga nan har Katsina shi kaɗai ne direban da ke ɗaure ƙofar motarsa da zinariya.